Na koma reza mai baki biyu

Na koma aski da abin askin ƙarfe irin na da, wanda ake kwance kansa a ɗora reza mai baki biyu a ɗaure. Wallahi ƙurajen da suka addabi wuyana sun lafa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, waɗancan na roba masu reza uku ko biyar sukan ja shi su yanke har ƙasan fata, in ya tsiro sai ya lanƙwashe ciki, wurin ya kumbura.

Sai dai ba ya son gaggawa. Ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi, ka yi ta juya buroshi a kan sabulu har kumfa ta yi kauri, sannan ka bi kwanciyar gashi. Kada ka danna, nauyin ƙarfen ya isa. In ka gama ka goga alif. Akwai raɗaɗi kam, amma ƙaramin yanka nan take yake daina jini.

Tun 1904 wani mai suna Gillette ya yi rajistar irin wannan abin askin a Amurka, yanzu kuma rezarsa a kowane teburin mai kanti. Reza dai ba na ara wa kowa, ko ƙanina, saboda ciwon hanta. Kuma kafin malamai su taso min, gemuna na nan, wuya kawai nake gyarawa.