Kwana huɗu da haihuwa: yau mun zubar da kafur

Laraba, Tudun Wada, Zariya.

Na tashi da sanyin hunturu, leɓena duk ya tsage. Bayan Inna ta gama mini wankan ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa, sai na ɗauki yaron na matsa bakin taga don in ba shi nono. A hasken nan ne na ga farin idonsa ya koma kamar ruwan ƙwai. Na danna goshinsa da yatsa kamar yadda aka koya mana a wajen awo, da na ɗaga, wurin ya fito rawaya. Gabana ya faɗi.

Gwaggo ta ce, "Shawara ce, 'yar nan, kowane jariri yana yi. A shanya shi a hantsi, a ɗiga masa ruwan tsimi." Na san don ƙauna ta faɗa, ita ta raini babana. Amma na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, a bari likita ya fara ganinsa." Ruwa kuwa ko ɗigo ban yarda ba, nono zalla ne har wata 6.

Babansa ya zo da mota muka nufi asibitin koyarwa na Shika. Hanyar Samaru duk hazo, na lulluɓe shi a ƙirjina, fatarsa na taɓa tawa.

An ɗebi jininsa a dunduniya, kukan da ya yi har cikin raina. Likitar ta ce shawarar ba ta kai matakin saka shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila ba, amma mu dawo gobe a sake awo, in kuma riƙa shayar da shi aƙalla sau 8 a yini da dare. Ta ce idan rawayar ta sauka zuwa tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi ta barci ba ya farkawa, kada mu jira gari ya waye, domin shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kurmantar da yaro.

Sai ta shinshina zanen goyonsa, ta ce, "Maijego, kafur kike sa wa a akwati?" Wallahi tun ina da ciki wata 7 na jera kayansa da kafur don gudun kyankyaso. Ashe akwai jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari, G6PD, an fi samu a maza, kafur yana farfasa musu jini, ya jawo musu shawara.

Da muka dawo, Gwaggo da kanta ta juye akwatin, ta tsince ƙwayoyin, ta sa aka wanke komai aka shanya. Ba ta ce mini uffan ba, sai da magariba ta tambayi ƙarfe nawa za mu koma gobe, wai da ita za a je.

Na shafa masa maganin cibiya, na sauke gidan sauro. Ya kama nono sau 9 yau. Saura kwana 3 suna, Allah Ya kai mu lafiya.