Wasiƙa daga Makka: makonni shida muna jinyar muƙamuƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Sharar Mansur, inda idan ka rufe ido ka saurari hayaniyar titi sai ka rantse a Fagge kake.

Ƙanena direba ne. Watanni uku da suka wuce ya yi hatsari a hanyar Jidda, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye gida biyu. Da labari ya isa gida Inna ta bugo waya: "Ku nemo masa mai ɗori mana!" Na ce, Inna, wannan ba ƙashin hannu ba ne. In ya haɗe a karkace, haƙoran sama da na ƙasa ba za su sake haɗuwa daidai ba, tauna ta zama aiki har tsufa.

A asibitin nan kafin komai igama, wato katin izinin zama, da katin inshora ake tambaya. Daga nan sai hoto, na'ura ta zagaya kanka ta fito da haƙora gaba ɗaya a takarda guda, sai gwajin jini. Sai tambayoyi kamar a gaban alƙali: ciwon suga, hawan jini, taba, ko kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Don Allah ku faɗi gaskiya, har jiƙon da kuke sha a ɓoye. Baki wuri ne mai yawan jini.

Za a hana ka abinci awa 6 kafin allurar barci ta tiyata, ruwa zalla kuma awa 2, don kada amai ya gangara huhu. Wani dattijo a gadon kusa da mu ya kurɓi shayi da madara da asuba, wai ai shayi ba abinci ba ne. Aka ɗaga aikinsa.

Tiyatar kanta ba ta ba mu wahala ba. Ta hanci suka saka bututun numfashi, ta cikin baki suka yanka, don haka babu tabo a fuska. Suka ɗaure ƙashin da ƙananan ƙarafa da kusoshi na titaniyom, suka haɗe haƙoran sama da na ƙasa da robobi.

Bayanta ne wuyar take. A rana ta biyu da ta uku fuskar ta kumbura har na tsorata, likita ya ce lokacin kenan da kumburi ke kai maƙura. Leɓensa na ƙasa ya mutu, yawu na zuba bai sani ba, domin jijiyar da ke kai ji leɓe ta cikin ƙashin nan take bi. A hankali ya fara dawowa. An ba mu ɗan almakashi, aka ce kada ya rabu da shi ko da dare: in amai ya taso, a yanke robobin nan take.

Abinci kuwa sai mai ruwa. Kunun gyaɗa, fura da nono an tace, romon kaza, duk ta tsakanin haƙora, sannan kuskurar baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane ci. Mutumin da ba ya kwana sai da tsire! Wandonsa har zamewa yake. Magana ma sai ya rubuto mini a WhatsApp muna zaune a tabarma ɗaya.

Ranar da aka cire robobin ya ce a kawo ƙilishi, likita ya hana. Tuwon shinkafa da miyar kuka ya samu, loma uku ya gaji.