Abin da Na Koya Daga Bakin Waɗanda Suka Shiga Haikalin Mormon

Lokacin da nake kwas ɗin nazarin addinai a Amurka, aikin da malamarmu ta ɗora mini shi ne in saurari hirarrakin da aka naɗa da mabiya cocin da duniya ta sani da Mormon, in rubuta su, in ware duk abin da ya shafi haikali. Da ta ga hannuna ya faɗa, sai ta bar ni na yi wasu hirarrakin da kaina. Cikakken sunan cocin dogo ne, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabanninsa suka nemi a daina ce musu Mormon, sai dai baki ya riga ya saba. Joseph Smith ne ya kafa shi a jihar New York a 1830, hedikwatarsa kuma tana Salt Lake City a jihar Utah.

A wurinsu majami'a daban, haikali daban. Majami'a ita ce ta ranar Lahadi, kowa na iya shiga ya zauna. Haikali kuwa a rufe ma yake ranar Lahadi, kuma ko ɗan cocin ba ya shiga sai da takardar izini. Kafin a ba shi, sai bishop ɗin unguwarsu da shugaban yanki sun zaunar da shi sun tambaye shi: yana fid da ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na samunsa? Ya nisanci giya da taba da shayi da kofi? Ya kame kansa daga zina? Takardar shekara biyu take yi, a sake sabuwa. Sabon shiga addinin kuma sai ya cika shekara guda kafin ya karɓi babbar ibadar haikalin, wadda suke ɗauka baiwa ce daga Allah.

Dokar da Malama ta kafa mini tun ranar farko ita ce kada in tambayi kowa me aka faɗa a ciki. Sun yi alkawarin ɓoye wasu kalmomi da alamu, kuma idan ka matsa wa mai alkawari, ko dai ya karya ya tsane ka, ko ya rufe baki gaba ɗaya. Ta ce in tambaye su me suka sani a daren jajibirin shiga, wa ya raka su, da abin da aka tattauna a mota a hanyar komawa gida. Tambayar motar nan ita ta fi kowace buɗe bakin mutane. Wani ya ce mahaifiyarsa ta juyo daga kujerar gaba fuskarta cike da annuri, tana tambayarsa ko bai ji daɗin abin ba, shi kuwa cikinsa ya ɗuri ruwa, ya ce mata ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce sai da ya shekara goma kafin ya gaya wa wani mahaluki gaskiyar abin da ya ji a ranar, kuma har lokacin hirar yana cikin cocin, yana zuwa haikali.

Ruɗewar karon farko ta yi ta maimaituwa a hirarrakin, daga bakin waɗanda suka bar cocin da kuma waɗanda ke cikinsa tsamo-tsamo. Dalilin bai da wuyar ganewa idan ka taɓa zama a majami'arsu. Ibadarsu ta Lahadi ba ado: ba limami mai alkyabba, ba kyandir, ba turare, maƙwabcinka ne zai hau mumbari ya yi magana, a raba burodi da ruwa, a tashi. Yaron da ya girma a haka, yana ɗan shekara 18 ko 19 yana shirin tafiya wa'azi, sai rana ɗaya a shigar da shi inda za a yi masa wanka da shafe na alama, a ba shi sabon suna, a sa masa tufafin ciki da zai riƙa sawa har ƙarshen ransa. Daga nan a zauna kallon labarin halittar duniya da na Adamu da Hauwa'u, ana tsayawa ana ɗaukar alkawura, ana yafa mayafi da hula da koren gyauto a kan fararen kaya, har a kai ga labulen da ake ratsawa zuwa ɗakin da ke wakiltar sama. Wata ta ce abin da ya fi girgiza ta shi ne ganin mahaifinta, mutumin da ba ta taɓa gani ba sai cikin kwat, sanye da waɗannan kaya yana yin komai ba gargada. Ta gane cewa iyayenta suna da wata rayuwa da ba ta sani ba.

Ba matasan yanzu kaɗai ba ne. David O. McKay, wanda ya shugabanci cocin daga 1951 zuwa 1970, da bakinsa ya faɗa cewa shigarsa ta farko ba ta gamsar da shi ba, domin idonsa ya tsaya a kan yadda ake gudanar da abin, bai kai ga ma'anar ba. Mabiya na yawan kawo wannan labarin don lallashin wanda ya fito jiki a sanyaye.

Akwai wani wuri da na daɗe ina juyawa a raina. A farkon ibadar ana shelar cewa duk wanda bai shirya ɗaukar alkawuran ba yana iya janyewa. A da, ana yin wannan shela ne kafin mutum ya ji mene ne alkawuran. Ka ƙaddara amarya ce, saura kwana uku ɗaurin aure, an raba katin gayyata, uwarta na zaune a gefenta, uwar miji na bayanta. Wace ce za ta ɗaga hannu? A ganina wannan zaɓi ne na baka kawai. Cocin ma da alama ya ji koken, domin a 'yan shekarun nan ya wallafa alkawuran guda biyar a fili: biyayya, sadaukarwa, bin bishara, kamun kai, da miƙa lokaci da dukiya ga aikin Allah. A taron cocin na Afrilun 2019, ɗaya daga cikin manyan shugabanninsa, David A. Bednar, ya ja hankalin iyaye cewa abin da aka yi alkawarin ɓoyewa kaɗan ne, sauran kuwa ya kamata a koya wa yara a gida. Abin da na gani a hirarrakin ya yi daidai da haka. Waɗanda wani ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla sun fi fitowa da kwanciyar hankali. Iyaye da yawa, don gudun kada su yi saɓo, sun yi shiru a kan abubuwan da ba wanda ya hana su faɗa, 'ya'yansu ne suka sha wahalar shirun.

To me ke mayar da mutum bayan irin wannan farawa? Sau ɗaya tak mutum ke yin ibadar don kansa. Duk komawar da zai yi bayan nan, a madadin wani mamaci yake yi. Ana ba shi 'yar takarda mai ɗauke da suna, ya riƙe ta har a gama. Wata dattijuwa ta ba ni labarin ranar da ta shiga da sunan kakarta, wadda ta yi ta neman takardar haihuwarta a tsofaffin rajistoci. Ta ce ta zauna ta ɗora takardar a cinya ta rufe da tafin hannu, kuma a ranar ne ta fara jin kalmomin da ta shekara talatin tana ji suna shiga. Wannan aƙida ce ta sa cocin ya tara bayanan asalin iyalai masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin cibiyarsa ta binciken asali mai suna FamilySearch. Sun yi imani mamacin na da zaɓin karɓa ko ƙi. Ba kowa ne ya yarda da wannan uzuri ba: a 1995 sai da cocin ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa cewa zai daina yin baftisma a madadin Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe.

Sauran abin da masu zuwa a kai a kai ke ambata shi ne natsuwa. An ajiye waya, ana magana da raɗa, kowa cikin fari, ba ka bambance mai kamfani da mai gadinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaura harami ya san abin da farin ƙyalle ke yi wa girman kai. Na shiga wani sabon haikali a makonnin da ake buɗe shi ga jama'a kafin a keɓe shi, inda wasu matasa suka durƙusa a bakin ƙofa suna sa wa baƙi farar rigar takalmi. Na zaci zan ga makeken zaure, sai na tarar da ƙananan ɗakuna, da kwamin baftisma a kan gumakan shanu goma sha biyu, da ɗakin ɗaurin aure mai madubai biyu suna fuskantar juna, yadda hoton mutum ke ta ninkuwa ba iyaka. A nan ango da amarya ke durƙusawa a ƙulla su, a imaninsu, har bayan mutuwa.

Darasin da ya fi yi mini amfani a aikace shi ne in fara da tambayar shekarar da mutum ya shiga, domin ba abu ɗaya suka gani ba. Wanda ya shiga kafin 1990 ya yi alamun hannu da ke nuna yadda za a ɗauki ran mai tona asiri. A shekarar aka cire su, tare da wani ɓangare da ke nuna limamin wani coci yana yi wa Shaiɗan aiki. A 2005 aka sauya yadda ake wankan da shafen, aka rage taɓa jiki. A Janairun 2019 aka cire alkawarin da mace ke yi na sauraron mijinta, aka kuma daina sa mata su rufe fuska lokacin addu'a. Na rubuta hirar wani uba da 'yarsa suna musu, yana cewa akwai abin tsoro a ciki, tana cewa ƙage ne, alhali kowannensu gaskiya yake faɗa. Sauyin 2019 ya sa wasu mata kukan murna. Wasu kuma haushi ya kama su, suna tambayar matsayin alkawarin da suka riga suka ɗauka, wanda suka yi shekaru suna kai zuciya nesa a kansa. Amsar shugabanni ita ce tsari da lafazi na sauyawa, ainihin abin yana nan. Wasu kuma tarihi ne ya dame su, da suka gano cewa Joseph Smith ya shiga ƙungiyar asiri ta Firimeson a Maris na 1842, ya fara gudanar da ibadar a garin Nauvoo na jihar Illinois a watan Mayun shekarar, kuma kamannin alamun ibadar da na ƙungiyar a bayyane suke.

Malama ta hana ni tsallake shiru idan ina rubuta hira, ta ce in riƙa nuna tsawonsa. Na ga hikimar haka a hirar wata da ta shiga cocin ita kaɗai a gidansu. Aka tambaye ta ina mahaifiyarta take lokacin ɗaurin aurenta. Faifan ya yi ta tafiya ba magana, sai ƙarar kofi a kan tebur, sannan ta ce tana waje a lambun haikalin, cikin sabuwar rigar da ta ɗinka don ranar. Har zuwa Mayun 2019, a Amurka da wasu ƙasashe, ma'auratan da suka fara yin auren kotu don dangi su halarta sai sun jira shekara guda kafin a ƙulla su a haikali. An soke dokar, amma bikin wannan baiwar Allah ya riga ya wuce.

Ga baƙar fata kuwa, tambayar ta daɗe ba ta kai ga me ka ji a ciki ba, domin ƙofar babbar ibadar a rufe take gare su har Yunin 1978, zamanin shugaban cocin Spencer W. Kimball. Jane Manning James, baƙar mace da ta zauna a gidan Joseph Smith, ta yi ta roƙon a bar ta ta karɓi ibadar har ta rasu a 1908, sai a 1979 aka yi a madadinta. Yau akwai haikali a Accra tun 2004, akwai na Aba a jihar Abiya tun 2005. Wani ɗalibi ɗan Ghana da na zanta da shi ya yi mamakin ruɗewar Amurkawa. Ya ce shi da ya girma yana ganin ana kiran sunayen kakanni a taro, riƙe sunan mamaci a hannu bai zo masa baƙo ba, abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne labarin 1978.

Na kuma lura cewa mutum na gyara labarinsa ya dace da inda yake tsaye a yau. Wanda ya fita zai ce tun ranar farko ya gane, wanda ya zauna zai ce tun ranar farko ya ji salama. Sa'ar da muka yi ita ce 'yan Mormon mutane ne masu ajiye littafin rubuta al'amuran yau da kullum. Waɗanda suka yarda suka karanta mana shafin ranar, sau da yawa abin da ke ciki gauraye ne: tsoro, gajiya, murnar rungumar dangi a ɗakin ƙarshe, da damuwar ko an ɗaura mayafin daidai.

Da na zo rubuta rahoto, na sa alkawuran biyar, da sauye-sauyen da shekarunsu, da duk abin da mutane suka ce sun ji, na bar kalmomi da alamun da aka yi alkawarin ɓoyewa ko da yake suna nan birjik a intanet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bar cocin ya karanta, ya ce mini da haka na taya su tsare shirun da ya cuce shi yana ɗan shekara 19. Ban sauya shawara ba, saboda dattijuwar nan da sauran irinta sun yi mini magana ne a kan amana. Amma na roƙi izininsa na sa ƙorafin nasa cikakke a babi na biyu, ya amince, da sharaɗin a rubuta cewa ya shiga ne kafin 1990.