Yadda muke fito da sabon ɗan kokawa a gaban jama'a

Ina da ƙaramin kamfani na shirya wasannin kokawar nishaɗi, wadda aka fi sani da resilin. Jarinmu bai wuce dandali ɗaya da muke harhaɗawa mu kwance ba, sai lasifika, da kyamara, da 'yan wasa waɗanda yawancinsu suna da wani aikin da suke yi da rana. Mukan karɓi hayar zaure, mu sayar da tikiti, mu yi wasa, mu kwashe kayanmu. Duk wanda ya zo kallo ya san an riga an tsara wanda zai yi nasara tun kafin a buɗe ƙofa, amma hakan ba ya hana shi ihu har muryarsa ta dishe. To abin da muke sayarwa ke nan: dalilin da zai sa mutum ya damu da wanda za a kayar. Kuma aikin bai fi wuya ba irin ranar da za ka fito da yaron da babu wanda ya taɓa jin sunansa.

Kafin sabon yaro ya ga idon 'yan kallo, sai ya koyi faɗuwa. Mutane da yawa suna zaton dandalin laushi gare shi. Ƙarfe ne a ƙasa, an jera katakai a kai, an shimfiɗa siririyar katifa, an rufe da tamfol. Abin da ake fara koya masa shi ne ya manna haɓarsa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugi katako, ya baza hannuwa su daki ƙasa lokaci ɗaya da gadon bayansa, ya saki numfashi. Sai gudu tsakanin igiyoyi, wanda ke barin jan shati a haƙarƙari har fata ta saba. Bayan haka ne ake zuwa kan abin da ya fi komai wahalar koyarwa, wato nuna jin zafi. Yaro mai ƙarfi yakan so ya miƙe nan take bayan an buga shi da ƙasa, don a san shi namiji ne. Idan ya yi haka ya ɓata aikin abokin karawarsa, ya kuma hana jama'a su tausaya masa. Ni dai ba na sa sunan kowa a jerin wasa sai na tabbatar da abu biyu: zai iya kare wuyan wanda ya miƙa masa jikinsa, kuma fuskarsa tana magana har mutumin da ke kujerar ƙarshe ya gane halin da yake ciki.

A wannan fanni ina girmama tsarin kamfanin New Japan Pro-Wrestling, wanda Antonio Inoki ya kafa a 1972. Ɗalibansu suna fitowa da baƙin wando da baƙin takalmi, ba ado, an taƙaita musu dabarun da za su yi amfani da su, kuma galibi kayar da su ake yi. Su ne ke tsaye a gefen dandali suna riƙe wa manya kaya. Daga baya a tura su ƙasashen waje su ƙaro gogewa. Kazuchika Okada ya bi wannan hanya, ya je Amurka, ya dawo a Janairun 2012 da sabon salo, wata ɗaya bayan haka ya karɓe babban kambu daga hannun Hiroshi Tanahashi yana ɗan shekara 24. Mu ƙanana ba mu da halin tura kowa ƙasar waje, amma muna da halin sa yaro ya riƙe riga da gorar ruwa a gaban jama'a na tsawon lokaci, har fuskarsa ta zama sananniya kafin ya yi karawar farko.

Hanyar da kowa ya fi sani ta gabatar da sabon ɗan wasa ita ce a yi ta sanarwa kafin zuwansa. Gajerun bidiyoyi ne suka gina Razor Ramon a 1992 tun bai taka dandali ba. A 1999 kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya yi makonni yana nuna agogo mai ƙirga lokaci a baya-baya, ba tare da an faɗi wanda ke tafe ba. Agogon ya cika a watan Agusta, daidai lokacin da The Rock ke tsaye yana magana, sai ga Chris Jericho ya fito ya katse shi. Wayar hannu ta sauƙaƙa mana wannan aiki, domin yau da waya ɗaya da fitila ɗaya za ka ɗauki bidiyon daƙiƙa talatin ka sa a Facebook ko YouTube. Sai dai duk sanarwar da ka yi bashi ka ci, kuma ranar biya tana zuwa. A wasan Survivor Series na 1990, ɗaya daga manyan wasannin shekara na WWF, an biya irin wannan bashi har sau biyu a dare ɗaya. An yi makonni ana nuna wani ƙaton ƙwai ana cewa zai fashe a daren, da ya fashe sai ga mutum sanye da kayan talo-talo yana rawa, jama'a suka yi ta ihun rashin yarda. A daren kuma Ted DiBiase ya gabatar da abokin wasansa da ya ɓoye sunansa. Wani dogon mutum ya fito cikin baƙaƙen kaya yana tafiya a hankali, ba ya murmushi, ba ya nuna jin duka, ya kayar da abokan karawa biyu, Koko B. Ware da Dusty Rhodes, ya fitar da su daga wasan. Undertaker ke nan, wanda bayan shekara ɗaya ya karɓi kambu daga Hulk Hogan. An fi yi wa ƙwan talla, amma abin da ke cikinsa bai kai girman alkawarin ba. Saboda haka ba na fara sanar da zuwan kowa sai na san me zai yi a minti biyar na farko, da wanda zai yi wa.

Wannan "wanda zai yi wa" ɗin shi ne ginshiƙin maganar. Sabon yaro ba shi da daraja a idon jama'a, dole wani mai daraja ya ara masa. Da tsohuwar zuma ake magani. A watan Yunin 2002 Kurt Angle ya tsaya a dandali ya ce duk mai ji da kansa ya fito, sai John Cena ya fito, ya mare shi, suka kara. Angle ne ya yi nasara, amma ya bari an ga ya sha da ƙyar, kuma wannan da ƙyar ɗin ita ce kyautar da ya yi wa Cena. A watan Mayun 1993 Razor Ramon ya yi abin da ya fi haka: ya yarda wani siririn yaro da aka saba kayarwa, Sean Waltman, ya danne shi alƙalin wasa ya ƙirga uku. Daga nan yaron ya samu suna 1-2-3 Kid.

A ƙaramin kamfani wannan magana a bayan labule ake yin ta, kuma ba ta da sauƙi. Akwai wani tsohon hannu a wurinmu, wanda mutane da dama dominsa suke sayen tikiti. Na same shi yana naɗa bandeji a wuyan hannu, na ce, "Yaya, yaron nan nake so ka ɗaga min yau." Bai ɗago kai ba ya tambaya, "Ya ci ni, ko ya kusa?" Na ce ya kusa. Ya kira yaron, wanda tuni zufa ta jiƙa shi tun ba a fara ba, ya ce masa, "Ƙanena, kada ka yi gaggawa. Idan na riƙe ka, ka saurare ni, ni zan riƙa faɗa maka abin da za ka yi a kunne. Idan ka ji sun fara tafi, ka tsaya ka dube su." A cikin wasan ya yi ta dukan yaron har jama'a suka fara jin haushi, sannan ya buɗe masa ƙofa: yaron ya zille, ya kai masa duka uku a jere, ya danne shi, alƙali ya buga ɗaya, ya buga biyu, hannunsa na gab da sauka na uku tsohon ya ɗaga kafaɗa. Zauren ya ɗauki "kash!" gaba ɗaya. Bayan ya yi nasara bai fita yana murna ba. Ya zauna a kusurwa yana haki, yana duban yaron kamar mai mamaki. Wannan duban ya yi abin da bidiyo goma ba za su yi ba. Irin waɗannan mutane ba su cika samun yabo ba, kuma ba don su ba da sana'ar nan ta daɗe da tsayawa.

Akwai kuma hanyar jera nasarori, wadda kamfanin WCW, abokin hamayyar WWF a lokacin, ya bi da Goldberg daga Satumban 1997. Yakan gama da mutum cikin 'yan mintoci, ba ya yawan magana, har ya karɓi kambu daga Hogan a Atlanta a Yulin 1998, kuma kamfanin ya ce ya yi nasara 173 a jere kafin Kevin Nash ya kayar da shi a Disamban shekarar. Abu ne mai kyau ga wanda yake da ɗaruruwan 'yan wasa. Ni da 'yan wasana ba su da yawa, idan na ciyar da su duka ga mutum ɗaya, wa zai rage da za a yarda zai iya tsayawa a gabansa?

Batun labari kuwa, daga ƙarshe nake fara shi. Nakan rubuta karawar da nake so a rufe babban wasan shekara da ita, sannan in dawo baya ina tambaya: me ya kamata ya faru a wasan da ya gabace shi har mutane su ƙagu? Dalilin faɗan kuma dole ya zama wanda za a iya faɗa a jimla ɗaya, wanda yaro da kakarsa za su gane ba tare da bayani ba. Cin amana, hassada, raini, ramuwa, kwaɗayin kambu. Dubi yadda aka shigo da Kane. Paul Bearer, tsohon manajan Undertaker, ya yi watanni a 1997 yana cewa ƙanen Undertaker, wato Kane, wanda ake zaton ya mutu a gobara, yana raye kuma yana tafe. A watan Oktoba Kane ya iso, ya fizge ƙofar kejin ƙarfen da Undertaker ke karawa da Shawn Michaels a ciki. Sannan aka yi abin da ya fi burge ni: Undertaker ya ƙi ɗaga wa ɗan'uwansa hannu. Aka yi ta tsokanarsa wata bayan wata, ba su kara ba sai a WrestleMania, babban wasan shekara na WWF, a Maris 1998. Sabon ɗan wasa ya shigo da dangantaka, da dalili, da abokin gaba, tun ranar farko. Haka WCW ta sa Sting ya yi sama da shekara bai yi wasa ba, yana leƙe daga saman rufin zaure, kafin ya haɗu da Hogan a Disamban 1997. Hana mutane abin da suke so na ɗan lokaci dabara ce, matuƙar za ka ba su a ƙarshe. Mugu yana iya zamba ya tsira sau da yawa, amma idan bai taɓa girbar abin da ya shuka ba, mutane sukan daina zuwa.

Sai dai duk tsarin da ka yi a takarda, 'yan kallo suna da nasu ra'ayin. An fito da Rocky Maivia a Nuwamban 1996 a matsayin jarumi mai fara'a, jama'a suka ƙi shi ƙiri-ƙiri. Da aka mayar da shi mugu a 1997 aka bar shi ya amayar da haushinsa, sai ya zama The Rock. A 2014 ihun jama'a ne ya tilasta aka sa Daniel Bryan a babbar karawar WrestleMania ta 30, ya kuma ɗauki kambu. Shi ya sa ba na zama a bayan labule idan sabon yaro yana wasa. Nakan tsaya a bayan zaure ina duban ƙeyar mutane. Tafi alama ce mai kyau, zagi ma alama ce mai kyau, domin wanda ya zage ka ya damu da kai. Abin tsoro shi ne shiru, da hasken wayoyi a cinya, da mutanen da suka ga lokacin zuwa bayan gida ya yi. Amma ba na rushe tsari saboda hayaniyar dare ɗaya. Sai na ga abin ya maimaitu, na ga yara suna tsayawa ɗaukar hoto da shi, na ga rigarsa tana fita daga teburin sayarwa.

Matsalarmu ta musamman ita ce tazarar da ke tsakanin wasanni. Manyan kamfanoni suna talabijin kowane mako, mu kuwa mukan yi makonni ba mu haɗu da jama'armu ba, kuma a kowane wasa akwai waɗanda zuwansu na farko ke nan. Don haka ba na riƙe labarai da yawa a lokaci ɗaya, kuma mai sanarwa yakan tunatar da abin da ya faru a baya kafin a buga ƙararrawa. Ga rauni, wanda ke iya ɗauke maka jarumi ana gobe wasa, shi ya sa kowane labari nake ajiye masa hanya ta biyu.

Sannan akwai tafiya. Duk yaron da ka rena ya yi kyau, wata rana babban kamfani zai kira shi, kuma ina farin ciki da hakan har zuciyata, domin abin da ya zo nema ke nan. Abu ɗaya nake roƙo, wanda tsohuwar al'adar sana'ar ce: ya sanar da ni da wuri, ya kuma bari a kayar da shi a wasansa na ƙarshe. Yaron nan da tsohon hannunmu ya ɗaga ya samu irin wannan kira, kuma da kansa ya zo ya ce min, "Maigida, wa zan bar wa?" Mun zaɓi wani ɗalibi da ya daɗe yana riƙe masa riga. A wasa mai zuwa ɗalibin zai ƙi miƙa rigar, ya jefar da ita a ƙasa a gaban jama'a, a wanda ke biye kuma za su kara.