Abin da neman bashin karatu ya koya mini

Na gama jarrabawar ƙarshe, shi ya sa nake son bar wa ƙannena 'yan karkara wannan bayani kan bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu.

Da aka buɗe shafin neman bashin a watan Mayun 2024, a wani shagon kwamfuta a Ringim na cike fom ɗin. Bashi ne marar ruwa, a biya maka kuɗin makaranta, a riƙa ba ka naira 20,000 duk wata, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Da murnata na koma gida na ce wa Baba kada ya taɓa maraƙinsa bana.

Ashe na daɗe da yi wa kaina illa. A gida aka haife ni, ba takardar haihuwa. Inna dai takan ce da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ranar da muka yi NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, abokai suka ce a rage shekara saboda aikin gwamnati, na rage biyu. A BVN kuwa, lambar tantancewa ta banki, shekarata ta gaskiya ce. Takardun suka ƙi haɗuwa, nema ya tsaya cak.

Sau uku ina zuwa ofishin wani jami'i a makarantarmu. Na ukun ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba, ya ce, “Ku 'yan ƙauye sai ku ɓata abu ku zo ku dami mutane.” A gaban ɗalibai ya faɗa. Laifin nawa ne, ban musa ba, amma maganar da zai faɗa mini ba ta kai minti biyu ba. Wata baiwar Allah mai buga takardu ce ta kira ni gefe ta ce, “Ɗana, je kotu ka yi takardar rantsuwa, sannan ka nemi gyara.” Kafin gyaran ya fito an kusa rufe rajista, Baba ya ja maraƙin nan kasuwa. Bai ce mini komai ba, ni ma na kasa kallon idonsa.

Sauran a taƙaice: lambar wayarka da imel ɗinka za ka sa, ba na mai shago ba. Kada ka ba kowa sisi don ya “shigar” da kai, ba a biyan komai wajen nema. Kuma bashi ne, ka faɗa wa iyayenka haka tun farko.

Hutun da ya wuce yara shida na zauna da su a zauren mai unguwa, muka jera JAMB da NIN da BVN a kan tabarma, muna bin suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Biyu na da irin matsalata, mun fara gyara tun kafin su nema.