Ranar da na ɓata shaidar Kawu da hannuna

Ƙannena masu son karanta binciken laifukan kwamfuta, bari in ba ku labarin kwamfutar Kawu, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ina shekara ta biyu a jami'ar Ngaundare na zo hutu Garwa. Kawu yana da shagon atamfa a babbar kasuwa, kuɗi sun yi ɓatan dabo, takardar lissafin da ke cikin kwamfutar shagon kuma an goge ta. Zargi ya faɗa kan yaron shago. Kawu ya miƙo mini na'urar a cikin leda, ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko, duba mana." Na ce, "Kawu, ai wannan aikin minti goma ne."

Na kunna ta, na yi ta buɗe fayil bayan fayil, sannan na sauko da manhajar dawo da abin da aka goge, na girka ta a kan faifan ajiyar kwamfutar, wanda nake neman abin a cikinsa. A nan na yi ɓarnar. Fayil in an goge shi bai tafi ba tukuna. Kamar rumfar kasuwa ce da aka cire sunan mai ita alhali kayansa na ciki, duk wanda ya zo da sabon kaya zai iya jibgewa a kai. Sabon kayan kuwa ni na kawo shi. Rabin lissafin ya dawo, rabi ya tafi har abada, kwanakin da ke jikin fayiloli da yawa suka koma na ranar da na taɓa su.

Da magana ta kai ga lauya, tambaya ɗaya ya yi mini: wa ya taɓa na'urar nan, yaushe, kuma ina aka rubuta? Na yi tsuru. Kawu bai ga kuɗinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron nan: ba a kama shi da laifi ba, ba a kuma wanke shi ba, ya bar kasuwa da tabo a sunansa. Wataƙila gaskiyarsa tana cikin rabin da na binne.

Ga abin da ya kamata in yi. Ba a aiki a kan asali. Ana haɗa faifan da na'urar da ke hana rubutu a kansa, a kwafe shi ɗungurungum da manhaja irin FTK Imager, a fitar da lambar tantancewa ta SHA-256. Haruffa da lambobi 64 ne, ko ɗigo ɗaya ya sauya a faifan sai ta sauya gaba ɗaya, da ita ake nuna wa alƙali kwafi bai bambanta da asali ba. A kan kwafin ake bincike, da manhajar Autopsy misali, wadda kyauta ce. A gefe kuma littafi da biro: ƙarfe nawa, daga hannun wa, zuwa hannun wa. In kun tarar da kwamfuta a kunne kada ku yi saurin kashe ta, abin da ke cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, yana tafiya da wutar.

Ku kula da agogo kuma. Na'urori da yawa suna ajiye lokaci da UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, mu a Kamaru muna gaba da shi da awa ɗaya. Na taɓa rubuta cewa mutum yana shago alhali yana masallaci, Allah ya sa malamina ya gani kafin rahoton ya fita.

Darasin shari'a ma na raina shi, ina ganin ɓata lokaci ne. Ku nemi doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta shafi tsaron intanet da laifukan kwamfuta, ku karanta, ku san aikin ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa. Dokar da ke hukunta ɗan damfara ita ce za ta hau kanku ranar da aboki ya kawo wayar matarsa ya ce ku buɗe masa WhatsApp ɗinta. Ku gyara Faransancinku, don a nan arewa da shi za ku rubuta rahoto, da shi lauya zai titsiye ku.

In hannu na ƙaiƙayi, ku sayi tsohon filashi a kasuwa, ku zuba hotunanku, ku goge, ku kwafe, ku nemo su. Ku yi haka sau ashirin kafin ku karɓi ledar kowa.