Agogon wasan ces a intanet: me ya sa daƙiƙunka ke gudu?

Agogon da kake gani a allon wayarka kwafi ne kawai. Ainihin lissafin lokaci yana can a sabar, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da shafin da kake wasa a kai, ko Lichess ko Chess.com. Idan ka yi motsi, sai saƙon ya isa sabar kafin a tsayar maka da agogo. In layi ya yi nauyi, sai ka ga daƙiƙa biyu sun salwanta haka kawai, ko agogon abokin wasa ya kai sifili ya tsaya alhali ba a ba ka nasara ba, don motsinsa yana hanya. Shafukan biyu suna mayar da ɗan lokacin da jinkirin layi ya ci, amma akwai iyaka.

Saboda haka in intanet ɗinka na rawa, bar wasan minti ɗaya. Zaɓi 3+2, wato minti uku da ƙarin daƙiƙa biyu bayan kowane motsi. Kada ka bar waya tana sauyawa tsakanin Wi-Fi da data, domin a nan layi ya fi yankewa.

Zargin maguɗi kuwa, wato cewa abokin wasa na amfani da manhaja tana zaɓa masa motsi, wasa ɗaya ba hujja ba ne, ko da abokin wasa ya yi motsi mai ban mamaki. Masu bincike suna kwatanta wasanni masu yawa da zaɓin manhajar buga ces irin Stockfish, su kuma duba ko mutum yana ɗaukar lokaci iri ɗaya kan motsi mai sauƙi da mai wuya. In kana zargin wani, danna maɓallin kai ƙara, ka bar zagi a akwatin hira.